Tambayi Kawu: Giwa da Lema a Gida Ɗaya

Na so wannan wata mu taɓa maganar kuɗin haya da rigimar masu gida, amma da na buɗe saƙonninku sai na tarar kusan duk siyasa ce. An yi zaɓe, an rantsar da wanda aka rantsar, amma a Aboabo da Sabon Zango, nan Kumasi a Ghana, har yau ba a naɗe tabarmar gardama tsakanin giwa, alamar jam'iyyar NPP, da lema, alamar NDC, ba. Na zaɓi huɗu. Na kuma rage tsawon wasu, domin akwai wanda ya aiko mini abin da ya kai huɗubar Juma'a biyu.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 27, ina gyaran waya a Adum. A zaɓen 2024 na bi giwa, har riga da hula na sa. Tun daga lokacin mahaifina bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Ya ce ɗan Zangon da ya zaɓi giwa ya manta kakansa. A wurin aiki kuma abokaina Tonawa, mutanen Ashanti, suna yi mini ba'a, wai mu 'yan Zango ƙabilanci muke zaɓa, ko akuya aka riƙa wa lema za mu dangwala mata. Wa ke da gaskiya? Ɗanka daga Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da abokanka, tasu ta fi sauƙi.

Ka tambaye su, Zango wace ƙabila ce? Gidan hayar da na tashi a ciki, ɗaki goma sha huɗu ne a zagaye da tsakar gida ɗaya. Akwai mu Hausawa, akwai Mosawa, da Zabarmawa, da Dagombawa, da Kotokoli, da Wangarawa, da wata Bayarabiya mai sayar da atamfa. Hausa muke yi da juna domin ita ce harshen kasuwa da masallaci, ba domin kakanmu ɗaya ba. Sannan su dubi zaɓen da suke magana a kai. John Mahama na lema Bagwanje ne daga Bole, kuma Kirista. Dokta Bawumia na giwa ɗan Mamprusi ne daga Walewale, Musulmi da muke haɗa sahu da shi. Da addini ko jini ke jan hannunmu, da Zangunan Asawase da Nima sun bi Bawumia. Ba su bi shi ba. Su kuma Tonawan da ke maka dariya, wa suka zaɓa? Bawumia, wanda ba Batone ba ne. Ka ga ke nan ba jinin ɗan takara ake bi ba, daga mu har su. Jam'iyya ce ta zama kamar gidan gado, an haife ka a ciki, fita kuma sai da dalili mai ƙarfi.

Ba zan musa abin da kowa ke gani ba. Tun 1992 ƙasar Ashanti ba ta taɓa juya wa NPP baya a zaɓen shugaban ƙasa ba, Volta kuma ta riƙe NDC har ana kiranta Bankin Duniyar jam'iyyar. Amma ba su ke yanke hukunci ba. Ankara, babban birni, da yankunan bakin teku na tsakiya da yamma su ne ke sauya hannu. Yankin da Atta Mills na lema ya fito ya ƙi shi a 2004, ya karɓe shi a 2008. A 2024 kuwa giwa ta rasa ƙuri'a kusan miliyan biyu in aka kwatanta da 2020, kuma yawancinsu ba lema suka koma ba, gida suka zauna. Masu fita zaɓe sun sauko daga wajen kashi 79 cikin ɗari zuwa wajen 61. Mutum ya ƙi fita daga gidan gado, amma ya ƙi share shi.

Yanzu mahaifinka. Nan zan ɗan daɗe, ka yi haƙuri.

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin da gwamnatin Dokta Busia ta fitar da dokar baƙi, ranar 18 ga Nuwamba 1969. Aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. To wa ke da takarda a Zango a lokacin? Mutanen da kakanninsu suka shigo da jakuna tun kafin a ja iyaka, wace takarda za su nuna? Bayarabiyar nan ta gidanmu, 'ya'yanta huɗu duk a Kumasi ta haife su, babu wanda ya taɓa ganin Ogbomoso a cikinsu. Na ga ta zube tukwanenta da keken ɗinkinta a ƙofar gida tana karɓar duk abin da aka miƙa mata. Abokin cinikin goron mahaifina, Basakkwace, ya sayar da gidansa a kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba. Da asuba muka raka shi tasha, mahaifina ya riƙe hannunsa har motar ta fara tafiya, kuma ba su sake ganin juna ba. Shi mahaifin nawa, wanda a nan aka yanke masa cibiya, ya yi watanni yana kwana da takardun harajinsa a ƙarƙashin matashi saboda masu buga ƙofa da dare. Dubun dubatar mutane suka fita a haka.

Jam'iyyar giwa da bakinta take cewa ita jikar Danquah da Busia da Dombo ce. Saboda haka mahaifinka ba tunkiya ba ne, mai tuna baya ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle.

Sai dai tarihin nasa daga 1969 ya fara, alhali akwai abin da ya riga shi. A shekarun 1950 Musulmi suna da jam'iyyarsu, Muslim Association Party, kuma manyan Zangon Kumasi da dama sun haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Tonawa suna adawa da Nkrumah. A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga Kumasi zuwa Nijeriya. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Ana cikin shari'ar majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, aka fitar da su. A shekarar ce kuma aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila, jam'iyyar Musulmi ta narke cikin United Party, wato tsatson da giwar yau ta fito. Wataƙila kakan nan da ake cewa ka manta, a wannan ɓangaren ya tsaya. Korar mutane ba gadon gida ɗaya ba ne. Ko Shagari, Bafulatanin Sakkwato, a 1983 ya tasa ƙeyar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, har jaka ta samu suna Ghana Must Go.

Kowane ɓangare kuma yana da abin da yake gori da shi. A zamanin Rawlings na lema aka mayar da ranakun sallar azumi da ta layya hutun ƙasa. Kufuor na giwa ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama mataimaki daga 2001 zuwa 2009. Akufo-Addo, shi ma na giwa, ya kafa ma'aikatar Zango da asusun raya Zango a 2017, ko da yake ma'aikatar ba ta tsallake wa'adin farko ba. Ni dai abin da na sani, in aka yi ruwan sa'a biyu, kwatar Aboabo ba ta tambayar wa ke mulki kafin ta shiga ɗakuna.

Amma kada ka ɗauki wannan tarihi ka tafi da shi gida kamar sanda. Ba a kayar da uba a gardama a ci riba. Ka ninke rigar da hular ka sa a ƙasan akwati. Ka sayi goro mai kyau, fari, ka nemi abokinsa na sahun gaba a masallaci ya shige maka gaba. In ya sake ya zauna da kai, kada ka ambaci Bawumia ko Mahama. Ka ce, Baba, wa muka rasa a shekarar Busia? Za ka ji sunayen da ba ka taɓa ji ba, kuma ina zaton a nan za ka gane ba da ƙuri'arka yake faɗa ba. Ranar zaɓe kuwa, akwai dalilin da ya sa aka kewaye wurin dangwalawa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da shinkafa da man girki kusa da Kejetia shekara ashirin ke nan. Kullum a rediyo 'yan giwa da 'yan lema suna cacar baki kan kayan waje, wannan ya ce a hana, wancan ya ce a bari. Ga mijin ƙanwata ɗan Nijeriya ne, yana sayar da kayan mota a Suame, an taɓa garƙame masa shago wata biyu. Don Allah wace jam'iyya ce ke tare da 'yan kasuwa? Hajiya daga Sabon Zango.

Amsa: Hajiya, wadda ba ta kan mulki. Ko wacce ce.

Ki tuna ƙarshen 2023. Ministan ciniki K.T. Hammond ya kai wa majalisa ƙa'idar taƙaita shigo da kaya iri 22, har da shinkafa da kaji da man girki da sukari da kayan ciki. Duk mai son shigowa da su sai ya nemi izini. Wannan daga jam'iyyar da ke alfahari da cewa ita ce ta kasuwa a buɗe. 'Yan NDC, waɗanda suka saba wa'azin a kare masana'antun gida, su ne suka tare ƙofa, suka ce rabon lasisi a hannun minista hanyar cin hanci ce, za a koma zamanin kalabule, wato ɓoye kaya da cinikin bayan fage. Har aka janye ta. Kowa ya ari rigar ɗan'uwansa ya sa, ko kunya babu.

Abin haushin, kowannensu akwai gaskiya a bakinsa. Daskararrun kajin da ake saukewa a Tema sun durƙusar da masu kiwo da yawa, ki tambayi mutanen Dormaa. Shinkafar Biyetnam da Tailan da Indiya tana cin dalar da ba mu da ita, alhali ana noma shinkafa a Fumbisi da Asutsuare. A ɗaya gefen, ni da ke mun isa mu san hannun da lasisi ke faɗawa in an fara rabonsa. Kuma hana shigowa ba ya haifar da kaya. An buɗe masana'antar sukari ta Komenda da kiɗa da rawa a 2016, ba a jima ba ta tsaya cik. Ke da kanki kin san abin da mai saye ke faɗa in kin nuna mata ta gida: akwai tsakuwa? Ta gyaru sosai a shekarun nan, ni ita nake ci, amma sunan da ya ɓaci ba ya wankuwa a damina ɗaya.

Abin da ke juya farashin buhunki ba masu ihu a rediyo ba ne, dala ce. A farkon 2022 ana sayenta wajen sidi 6, kafin shekara ta ƙare ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Gwamnatin giwa da ta yi ta rantsuwa ba za ta je IMF ba ta je, ta karɓo rancen dala biliyan 3 a 2023. Ta Mahama ta farko ma ta je a 2015, kuma a lokacin 'yan giwa ne ke mata dariya. A 2025 dala ta sauko daga wajen 15 zuwa wajen 10. Hajiya, tsakaninki da Allah, nawa kika rage a buhu, kuma bayan mako nawa? Ba sai kin amsa a nan ba.

Maganar surukinku. Dokar da ake kafa hujja da ita ita ce ta hukumar zuba jari, mai lamba 865, an yi ta a 2013 ƙarƙashin lema. Ta keɓe sayar da kaya a kasuwa da talla da ƙananan rumfuna ga 'yan ƙasa. Ta ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki 'yan Ghana ashirin aiki. Kulle shagunan da aka yi a Suame da Circle a 2019 da 2020, lokacin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta matsa a yi aiki da dokar, a ƙarƙashin giwa aka yi. Kakar dokar kuma ita ce wadda Busia ya yi a 1970. Kowa da hannunsa a ciki. 'Yan Nijeriya suna cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su damar shiga da zama da kafa sana'a. 'Yan kasuwarmu suna cewa, to ku da kuka rufe iyakarku daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, motocinmu suka yi ta jibge a Seme fa? Laifi tudu ne. Duk wannan kuwa ana yinsa a ƙasar da ofishin kasuwar bai-ɗaya ta Afirka ke zaune a babban birninta.

Abin da zai amfane ku shi ne wannan. A cikin dokar akwai sassauci ga baƙon da ke auren 'yar ƙasa: in auren ya kai shekara biyar, an tabbatar da ingancinsa, kuma mutumin a nan yake zaune, ba a neman wancan jari a wurinsa. Bai buɗe masa rumfar cikin kasuwa ba, amma ya sauke masa dutsen miliyan ɗaya. Matsalarmu a Zango, an ɗaura aure, an raba goro, an ci waina, babu wanda ya je ya yi rajista. Su fara da wannan, sannan takardar zama da ta haraji, sannan lauya. Kada kuma ya sa shagon da sunan wani bisa amanar baki. Na ga inda mai aron suna ya rasu, magada suka ce ba su san zancen ba.

Ni dai duk lokacin da na ji ɗan Zango yana tafa wa masu cewa a kori baƙi daga kasuwa, sai in rasa abin cewa. Me ya kafa Zango in ba fatauci ba? Goron dajin Ashanti ne ya jawo kakanninmu ta Salaga, su kai shi Kano, su dawo da kanwa da fata da tufafi. Yau ma albasar miyarki daga Nijar take zuwa, tumatirin rani daga Burkina, ragon layya daga arewa. Da aka yi juyin mulki a Yamai a Yulin 2023 aka rufe iyakoki, ba a rediyo kika ji ba, a tukunya kika ji.

Tambaya: Kawu, ni ɗaliba ce a jami'a. A zauren WhatsApp na unguwarmu in aka fara maganar haƙƙin ɗan Adam, kowa sai ya jero mutanen da aka kashe a mulkin abokan hamayyarsa. Na gaji. Sannan kwanan baya na je wani ofishi neman takarda, da na ce ni Bahaushiya ce sai jami'in ya ce in faɗi garinmu na asali. Na ce Kumasi. Ya ce Hausawa ba su da gari a Ghana. 'Yarka daga Asawase.

Amsa: 'Yata, ni ma ina cikin irin wannan zaure, na kashe masa ƙara tuntuni.

Lissafin kowa gaskiya ne, rabi ne kawai. Ɗan lema zai tuna miki samari bakwai na unguwarku da 'yan sanda suka harbe a yankin Manso Nkwanta a Yulin 2018 aka ce 'yan fashi ne, kwamitin bincike ya ce bai ga hujjar hakan ba, aka dakatar da 'yan sanda 21. Zai ƙara da mutum biyu da aka harbe a zanga-zangar Ejura a Yunin 2021. Ɗan giwa zai ce, a Yunin 2015 fa, cikin azumi, wa ya tura motocin rusau Old Fadama ta Ankara, inda yawancin mazauna 'yan arewa ne? Zai koma baya ya ambaci matan kasuwar da aka yi wa bulala da rushe Makola a 1979, da alƙalai uku da aka kashe a 1982, duk a mulkin soja na Rawlings. Abin da na lura, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan gawa yakan yi shiru ranar da aka ba jam'iyyarsa makullin ofis. Iyayen yaran nan bakwai ba su tambayi katin jam'iyyar kowa ba ranar jana'iza. Na je, na gani.

Jami'in nan kuwa ya yi kuskure, kuma ba ra'ayina ba ne, tsarin mulki ne. Sashe na 6 na kundin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aiki da shi ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Bai ce sai mai ƙauye da gunkin kakanni ba. Sashe na 17 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Ki koma da takardar haihuwarki da takardun mahaifi ko mahaifiya. In ya sake, cikin ladabi ki roƙe shi ya rubuta miki dalilin ƙin a takarda ya sa hannu. Yawanci a nan magana ke canzawa. In ba ta canza ba, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ tana karɓar irin wannan ƙorafi, tana da ofis a nan Kumasi, kuma ba a biyan ko kwabo. Kada ki yi abin da wasu yaranmu ke yi, su ari wata ƙabila su rubuta don a sallame su da wuri. Takardar za ta bi ki har 'ya'yanki.

Tambaya: Kawu, ka cika zagaye-zagaye. Kai wa ka zaɓa? Direban trotro daga Tafo.

Amsa: Direba, uwargidana ta shekara talatin da shida tana wannan tambaya, har ta taɓa hana ni kokon safe kwana uku a kanta. Abin da zan iya gaya maka, na taɓa yin siket da bulawus, shugaban ƙasa daga nan, ɗan majalisa daga can, har sau biyu. Ka fara gaya mini dalilin da ya sa kuɗin mota ke hawa ranar da mai ya hau amma ya manta hanyar saukowa, sai mu yi musaya.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar haya. Alhajin da ya aiko yana tambaya ko ya halatta ya karɓi kuɗin shekara uku a dunƙule daga hannun mai koyon ɗinki, na ga saƙonka, ka shirya.